Ra'ayinmu: A ba mutanen kan iyaka dama su adana tarihinsu da kansu

A watan Fabrairun 1961 ne al'ummar yankin da a wancan lokaci ake kira Arewacin Kamaru, tun daga Dikwa da Gwoza da Mubi har zuwa Ganye da tsaunin Mambila, suka fita ƙuri'ar raba gardama a ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda mafi rinjayensu suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Matan yankin sun jefa ƙuri'a a wannan zaɓe, shekaru da dama kafin sauran matan Arewa su samu wannan 'yanci. Alƙaluman sakamakon suna nan a rubuce, kuma duk mai bukata zai same su. Amma muhawarar da aka tafka a zauruka da kasuwanni kafin ranar zaɓen, da dalilin da ya sa wa ya zaɓi Nijeriya ƙanensa ya zaɓi Kamaru, da yadda matar da ba ta taɓa ganin akwatin zaɓe ba ta yanke shawararta, duk waɗannan suna cikin ƙirjin waɗanda suka halarta ne. Mafi ƙarancin shekaru a cikinsu ya haura tamanin a yau, kuma kowace damina tana wucewa da wasu daga cikinsu.

Wannan misali ɗaya ne daga cikin ɗimbin labaran da ƙasar nan ke asararsu a kullum ba tare da wani ya yi lissafi ba. Matsayin wannan jarida shi ne, tattarawa da adana labaran mutanen kan iyaka, da na 'yan ci-rani da 'yan gudun hijira, aiki ne da ya kamata gwamnatin tarayya ta ɗauke shi da muhimmanci, ta zuba masa kuɗi da horo da kariyar doka. Sai dai ragamar aikin da mallakar abin da aka tattara su kasance a hannun al'ummomin da abin ya shafa. Muna faɗar haka ne muna sane da cewa da yawa daga cikin masu karanta mu su ne ke rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu, su ne kuma ke tsara daftarin kasafin kuɗin hukumomi.

Nijeriya tana da ma'adanai na takardun tarihi, kuma sun yi wa ilimi hidima. Tun a 1954 marigayi Farfesa Kenneth Dike ya jagoranci kafa ofishin da ya zama Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda manyan rassanta ke Ibadan da Inugu da Kaduna. Akwai Gidan Arewa a Kaduna da aka kafa a 1970, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai ta Gidan Ɗan Hausa a Kano. Amma duk wanda ya taɓa zama ya buɗe fayilolin lardunan Sakkwato ko Katsina ko Borno da ke Kaduna ya san muryar da ke magana a cikinsu. Muryar Razdan ce da ta Di'o, kuma abin da ya dame su shi ne haraji da jangali da ƙidayar gidaje da hana talakawa tsallakewa zuwa ƙasar Faransi. Mutumin kan iyaka ya shiga waɗannan takardu ne a matsayin adadi, ko mai gudun haraji, ko ɗan fasa-ƙwauri. Bayan samun 'yancin kai ma, fayilolinmu na kwastan da na shige da fice da na tsaro ba su sauya wannan kallo sosai ba.

Alhali kuwa mutanen sun riga layin zuwa wurin. Iyakar Nijeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, an shata ta ne a yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, sannan ayarin haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho da O'Shee ya bi ya kakkafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Layin ya ratsa ƙasar Katsina da ta Gobir da ta Daura. Har gobe sarautar Maraɗi sunanta Sarkin Katsina, domin zuriyar sarakunan Katsina da suka fice bayan jihadi ne suka kafa ta, kuma dangantakar Tsibiri da Sabon Birni ta jini ce. A yamma, an raba Borgu gida biyu, Busa a Nijeriya, Nikki a Jamhuriyar Benin, kamar yadda masarautar Ketu ta Yarbawa ta faɗa ɓangaren Benin. Masana sun yi rubutu a kan wannan rabuwa: Farfesa Anthony Asiwaju ya shafe rayuwarsa yana nazarin al'ummomin da iyaka ta raba, shi kuma William Miles ya zauna a ƙauyukan Yardaji da Yekuwa, ɗaya a Nijeriya ɗaya a Nijar, ya wallafa littafi a kansu a 1994. Ayyuka ne masu daraja, amma da Ingilishi aka rubuta su, kuma sun fi samuwa a ɗakunan karatun jami'o'i a kan garuruwan da aka yi nazarin.

Mai yiwuwa wani babban jami'i ya ce wannan harka ce ta malaman tarihi, ba ta da alaƙa da gudanar da mulki. Tarihin ƙasar nan ya riga ya ba shi amsa. A watan Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ta tasa ƙeyarsa zuwa Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da aka je kotu aka bi asalin iyayensa kafin a tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa. Shi babban ɗan siyasa ne mai jam'iyya da lauyoyi a bayansa. Talakan Banki ko na Kamba da jami'i zai kalli fuskarsa ko ya ji karin harshensa ya ce baƙo ne, ba shi da wannan gata. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya rataya zama ɗan ƙasa ga wanda aka haifa kafin 'yancin kai a kan kasancewar ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce mai asali a Nijeriya. A wuraren da ba a saba da takardar haihuwa ba, hujjar wannan asali tana bakin dattawa ne, kuma idan suka kau, jikokinsu ne za su tsaya a layin rajistar katin ɗan ƙasa ko neman takardar shaidar ƙaramar hukuma babu abin da za su nuna.

Shari'ar iyakarmu da Kamaru ta ƙara fito da wannan darasi. A ranar 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci tana mai dogaro da takardun Turawan mulkin mallaka, ciki har da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. A sakamakon haka Nijeriya ta janye daga Darak da wasu ƙauyuka fiye da 30 na yankin Tafkin Chadi a watan Disambar 2003, sannan ta miƙa Bakassi kacokan a ranar 14 ga Agustan 2008, bayan yarjejeniyar Greentree ta 2006. Ba ma cewa faifan muryar masunta zai iya sauya hukuncin da aka gina a kan yarjejeniyoyi. Abin da muke cewa shi ne, lokacin da aka zo batun sake tsugunar da mutane da tantance wanda ya rasa gida ko wurin kamun kifi ko kabarin iyaye, ƙasa ta tsinci kanta babu wani cikakken kundi da mutanen suka yarda da shi. Ƙorafin mutanen Bakassi da aka kwaso bai ƙare ba har yau. Su kuwa masuntan Darak, waɗanda suka bi ruwan tafki yana janyewa suna kafa bukkoki har suka wayi gari a ƙasar wani, ba kasafai ake jin an ambace su ba.

Haka lamarin yake ga waɗanda suka yi nisa da gida. Fataucin goro zuwa Gwanja ya haifar da zanguna a Salaga da Kumasi da Ankara, kamar yadda cinikin shanu da goro ya kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mabiya Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya sun nausa gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Kogin Nilu a Sudan, inda zuriyarsu ke zaune har yanzu tare da jikokin alhazan da suka tafi Makka a ƙafa. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, dubban 'yan Nijeriya suka dawo da abin da hannunsu ya iya ɗauka. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora, kimanin mutum miliyan biyu suka fice, kusan rabinsu 'yan Ghana. Abin da yawancin matasanmu suka sani game da wannan al'amari bai wuce sunan wata jakar zuba kaya ba. Waɗanda suka kwana a Seme suna jiran a buɗe hanya, da masu gidajen hayar da suka rabu da maƙwabtan shekara goma, da 'ya'yan da aka haifa tsakanin ɓangarorin biyu, da yawansu suna raye, kuma ba a tambaye su komai ba.

Ɗan abin da aka taɓa rubutawa daga bakin irin waɗannan mutane ya nuna girman abin da ake asara. Imam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Kete Krachi har rasuwarsa a 1934, ya rubuta bayanai da Hausa a kan rayuwar ƙasar Hausa domin wani jami'in Jamus mai suna Mischlich, kuma masana na amfana da su har yau. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka wallafa a 1954, ya zama madogara ga duk mai son sanin rayuwar mace Bahaushiya kafin zuwan Turawa da bayansa. A duka biyun, baƙo ne ya nema, kuma a ƙasar waje aka fara cin gajiyar abin.

A zamaninmu ma ana ta samar da sababbin labaran da za su salwanta idan aka yi sakaci. 'Yan Nijeriyar da rikicin Boko Haram ya kora sun shafe shekaru a sansanin Minawao na Kamaru da na Sayam Forage a jihar Diffa da na Dar es Salam a Chadi, har an haifi yaran da suka girma ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Daga 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina sun riƙa tsallakawa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. A ɗaya ɓangaren, Nijeriya na karɓar baƙuncin 'yan Kamaru a Ogoja ta Kuros Riba da wasu sassan Binuwai da Taraba tun 2017. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, tare da hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, manufofi ne da aka yanke a Abuja. Mutanen Illela da Jibiya da Maigatari ne suka san abin da manufofin suka yi wa kasuwa da zumunci da jinyar marasa lafiya. Duk gwamnatin da za ta sake tunanin rufe iyaka nan gaba tana bukatar jin ta bakinsu kafin ta yanke shawara.

Dalilin da ya sa muke nacewa a kan jagorancin al'umma shi ne amana. Mutumin kan iyaka ya daɗe da sanin cewa idan baƙo ya zo da takarda da biro yana tambaya, ko dai haraji ne ko bincike. Ba zai faɗa wa jami'in da ya sauka daga motar gwamnati yadda ya tsere da dare ko hanyar da kakansa ya bi da shanu ba, amma zai faɗa wa jikarsa ko malamin makarantar garinsu, a cikin harshensa na Kanuri ko Fulfulde ko Zabarmanci ko Batonu ko Efik. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan gari ne suka san tsohuwar da ta riƙe salsalar kowane gida, da akwatin da ke ɗauke da wasiƙun ajami daga Kumasi ko Wad Madani, da hotunan fasfo na tafiyar hajji, da rasidan harajin Faransi da na En'e a hannun mutum guda.

An gwada wannan hanya a wasu wurare an ga amfaninta. Lokacin da masu tayar da ƙayar baya suka mamaye Timbuktu a 2012, iyalan da suka gaji rubuce-rubucen kakanninsu, bisa jagorancin Abdel Kader Haidara, su ne suka kwashe dubban ɗaruruwan littattafai a ɓoye cikin akwatuna, ta mota da ta jirgin ruwa, zuwa Bamako. A Afirka ta Kudu, tsofaffin mazauna unguwar District Six ta birnin Cape Town, waɗanda gwamnatin wariyar launin fata ta kora su fiye da 60,000, sun kafa gidan tarihinsu a 1994, kuma ya zama majingina ga masu neman a mayar musu da filayensu. A Indiya da Pakistan, wata ƙungiya ta 'yan sa-kai ta naɗi shaidar dubban tsofaffin da suka ga rabuwar ƙasashen a 1947 kafin su ƙare. A duk waɗannan wurare masu labarin ne suka fara, taimako ya biyo baya.

Wajibi ne kuma a faɗi haɗarin da ke tattare da aikin. Labarin da aka naɗa yana iya zama makami. Bayanin wanda ya zauna a ƙarƙashin 'yan ta'adda, ko wanda ya taɓa bin ɓarauniyar hanya da buhun shinkafa, yana iya jefa shi ko iyalinsa cikin matsala idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Tarihin wanda ya riga wani sauka a gari yana iya hura wutar rikicin fili ko na sarauta, kuma tono asalin bauta yana iya kunyata zuriyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Bugu da ƙari, idan aka ce al'umma, sau da yawa fada da masu kuɗi ake nufi, a bar mata da makiyaya da masunta da baƙin da suka zo daga baya. Saboda haka dole kwamitin kowane gari ya ƙunshi waɗannan rukunoni, a nemi yardar mai ba da labari a cikin harshen da yake ji, a ba shi ikon ɓoye sunansa ko ɗage fitar da maganarsa har sai bayan ransa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta tanadi ginshiƙin wannan kariya, saura a fitar da ƙa'idojin da za su hana mayar da ma'adanar al'umma rumbun bayanan jami'an tsaro. Ranar da aka kama mutum ɗaya saboda abin da ya faɗa a faifai, ranar ce kowa zai kama bakinsa.

Abin da muke nema daga hukumomi ba ya bukatar sabuwar hukuma ko sabon gini a Abuja. Hukumar Raya Al'ummomin Kan Iyaka, wato BCDA, wadda dokar 2003 ta kafa, tana gina rijiyoyin burtsatse da ajujuwa da ɗakunan shan magani a waɗannan garuruwa. Ta ware wani ɗan kaso a kasafinta domin ƙananan tallafi kai tsaye ga ƙungiyoyin ci gaban gari da makarantu, su sayi na'urar naɗar murya da ta ɗaukar hoton takardu da farantin hasken rana da ma'ajiyar bayanai. Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa ta horar da matasan garuruwan yadda ake yin hira da rubuta bayanin kowane faifai da kare takarda daga gara da laima, ta kuma karɓi kwafi na biyu a matsayin ajiya bisa yarjejeniyar da ta bar mallaka ga masu abin. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ta isa ta koya mana cewa duk abin da kwafinsa ɗaya ne a duniya yana bakin halaka. Haka nan ma'adanar ta mayar wa kowace gunduma kwafin rahotannin da Turawa suka rubuta a kanta, domin jama'a su karanta su gyara abin da aka faɗa a kansu.

Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira da 'Yan Ci-rani ta Ƙasa ta sanya wannan aiki cikin shirin mayar da mutane garuruwansu, ta yadda duk ayarin da zai koma Bama ko Malam Fatori zai samu damar ajiye shaidarsa idan yana so. Asusun TETFund ya buɗe ƙofa ga sassan tarihi da na harsuna a jami'o'in Maiduguri da Sakkwato da Yola da Kalaba su yi aiki da al'ummomin, da sharaɗin sakamakon ya koma garin cikin harshen mutanensa. Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa da Ma'aikatar Harkokin Waje su share fagen musayar kwafi da maƙwabta, domin rabin kowane labarin kan iyaka yana ɗaya ɓangaren. A Yamai akwai cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka, wadda tun 1968 take tattara tarihin baka. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta rage hanyoyin tuntuɓa tsakanin gwamnatoci, kuma aikin da zai haɗa dattawan Konni da na Illela a kan tabarma ɗaya yana cikin hanyoyin da suka rage. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake shimfiɗawa zai sauya fasalin garuruwan da zai ratsa, don haka ya kamata a naɗi yadda suke kafin jirgi ya fara wucewa.

Muna kuma gargaɗi da kada a mayar da wannan kira wata kafar taron bita a manyan otal-otal na Abuja, inda kuɗin zai ƙare a alawus da buga alluna, a ba ɗan kwangilar da bai taɓa taka Gamboru ba aikin rubuta rahoto. Ma'aunin nasara a bayyane yake: tsofaffi nawa aka naɗa, a garuruwa nawa, kuma shin ɗan makarantar garin zai iya zuwa ya saurari muryar kakarsa ba tare da neman izini daga wani ofishi ba.

Ma'aikatan da ke wannan birni ba su da nisa da irin wannan labari. Ofisoshin da suke zaune a ciki an gina su ne a kan gonaki da ƙauyukan Gbagyi da sauran mutanen da aka tasa bayan dokar kafa Babban Birnin Tarayya ta 1976, kuma akwai dattawa a Sabon Wuse da za su iya nuna inda gidajensu suke a da. Da yawan ma'aikatan su ma 'ya'yan Daura ne ko Mubi ko Badagry ko Ikom, masu dangi a tsallaken layi. Muna kira gare su da su sanya wannan batu a takardun da suke shirya wa shugabanninsu a zagayen kasafin kuɗi mai zuwa, su kuma tuna da shi idan sun je gida hutun salla ko na Kirsimeti, domin wayar da ke aljihunsu ta isa a fara naɗar muryar tsohon da ke zaure tun yana da ƙarfin magana.